A JITAR BES, MAZAUNI YA FI YAWA

A wannan makon za mu leƙa wajen makaɗa, kan wata muhawara da ke cin kuɗin matasa. Yaro zai daɗe yana tari don ya sayi jitar bes, mai kaurin muryar nan da ke riƙe da gindin kiɗa. Da ya shiga shago sai ya kama ƙirga maɗaukan sauti da maɓallai, a ganinsa mai biyu ta fi mai ɗaya. Mu dai ra'ayinmu shi ne, inda aka dasa maɗaukin ya fi yawansa muhimmanci.

Maɗaukin sauti, wanda makaɗa ke kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla aka ajiye ƙarƙashin tsarkiyoyi. Idan tsarkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki da ke tafiya amfilifaya. To amma abin da ke saitinsa kawai yake ji. Tsarkiya kuwa ta fi lilo a tsakiyarta, motsinta yana raguwa yayin da ake kusantar jaki, wato inda take hawa a gindin jita. Shi ya sa maɗaukin da ke wajen wuya yake ba da murya mai kauri da taushi, na kusa da jaki kuma ya ba da siririya mai kaifi. Duk wanda ya taɓa kaɗa garaya a kusa da gindinta, ya dawo ya kaɗa a tsakiya, ya san wannan bambanci.

Tarihin kayan ma shaida ne. Leo Fender ya fitar da Precision Bass a Kalifoniya ta Amurka a 1951, a 1957 kuma aka raba maɗaukinta gida biyu: rabi ƙarƙashin tsarkiyoyi biyu masu kauri, rabi ƙarƙashin sauran biyun. Maɗauki ɗaya ne tal, a tsaka-tsaki. Da irinta James Jamerson ya ɗauki nauyin waƙoƙin Motown masu tarin yawa. A 1960 Jazz Bass ta fito da siraran maɗaukai biyu. Jaco Pastorius ya fi jingina da na kusa da jaki, ya samu murya mai tsini da ke ratsa taro. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley shi ma Jazz Bass ya riƙe, amma ƙasa-ƙasa muryarsa take, mai nauyi. Ƙira ɗaya ce, kowane tsuntsu kuma ya yi kukan gidansu.

A 1976 kamfanin Music Man ya zo da StingRay: ƙaton maɗauki ɗaya mai naɗi biyu a wajen jaki, da batir mai ƙara wa sauti ƙarfi. Ita ma Gibson EB-0 maɗauki ɗaya gare ta mai naɗi biyu, amma nata a gindin wuya yake, har makaɗa suna yi wa muryarta tsiya da cewa kamar taɓo take. Lissafinsu ɗaya, amma ko a bayan katanga mutum yake ba zai rikita su ba. A farkon shekarun 1970 ma, matsar da maɗaukin baya na Jazz Bass da Fender ya yi bai wuce kimanin santimita 1 ba, kuma har yau masu kunne suna bambance ta 1960 da ta 1970.

Masu goyon bayan maɗaukai biyu suna da hujja, ba mu raina ta ba. Mai Jazz Bass yana da murya uku a hannu: gaba, baya, ko haɗi. Idan ya buɗe duka biyun, wani sashe na tsakiyar sauti yakan kashe juna, kauri da kaifi su fito fili, irin muryar da Marcus Miller yake dukan tsarkiya da babban yatsa a kanta. Ga mai aikin situdiyo wannan dukiya ce. Sai dai akwai kuɗin da ake biya. Maɗauki mai naɗi ɗaya yana kwasar ƙugin wutar lantarki, kuma a Jazz Bass ƙugin ba ya mutuwa sai an buɗe duka biyun daidai wa daida. Da ka rage ɗaya, sai zuuu ta taso a lasifika. Rabi biyun Precision kuwa an naɗa su ne a juye da juna, suna kashe ƙugin da kansu. Wanda zai yi kiɗa a filin biki da janareta da tsofaffin wayoyi, wannan ba ƙaramar magana ba ce a gare shi.

Haka ita ma mai haɗin nan da ake kira PJ, wadda ake tallata wa yara a matsayin maganin komai. Tana da amfani, amma in siririn maɗaukinta na baya mai naɗi ɗaya ne, buɗe shi yana dawo da ƙugin da rabin gaba ya kora. Mai batir kuma, in ba ta da maɓallin kewaye batirin, ranar da ya ƙare a tsakiyar taro sai dai haƙuri.

Don haka shawararmu ga mai sayen jitarsa ta farko: ya nemi mai maɗaukin Precision, ya koyi sauya murya da matsar da yatsunsa tsakanin wuya da jaki, domin hannu ma mazauni gare shi. In ya ƙware ya san muryar da ya rasa, sai ya ƙara maɗauki don ita. A shago kuma ya sa a jona masa jitar, ya juya wa maɓallai baya ya saurara. An ce gani ya kori ji, amma a wannan kasuwa ji ne yake korar gani.

Makaɗan da ke cikinmu, musamman masu Jazz Bass, mun san ba za ku bar mu haka ba. Fili naku ne. Allah ya ƙara basira.