Kada mu tsani kuskuren da ya yi mana ihu

'Yan uwa ɗaliban kwamfuta na Mubi, na Poly da na ADSU, musamman masu shirin difens. Akwai wata shawara da ke yawo tsakaninmu: wai in furojet ɗinka ya ƙi tashi a sabon XAMPP, ka sauke tsoho ka huta. Ni kam ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Makon jiya na karɓi wani tsohon kod na rajistar ɗalibai daga wani babban yaya da ya gama. A kwamfutarsa lafiya lau yake aiki. Ina ɗora shi a tawa mai PHP 8.2, na shigar da suna Musa, ya shiga. Na shigar da Mu'azu, sai shafin ya tsaya cak da dogon saƙon kuskure. Abokin ɗakina ya ce, "Mutumina, koma tsohon PHP kawai, lokaci ya ƙure." Na gwada a tsohon. Ya rubuta min cewa rajista ta yi. Da na buɗe rumbun bayanan, wallahi babu Mu'azu babu alamarsa.

Abin da ya faru shi ne, wannan 'yar alamar da ke cikin Mu'azu, Sa'adatu, Rabi'u da Isma'il tana tsinka umarnin SQL idan ka manna sunan kai tsaye. A tsohuwar sigar, mysqli_query sai ya dawo da false ya yi shiru, mai kod ɗin kuma bai duba ba. Daga PHP 8.1, wanda ya fito a Nuwamba 2021, aka mai da shi ya riƙa tsayar da aiki yana faɗin matsalar. Wato kod ɗin dama can a lalace yake, sabuwar sigar tona asiri kawai ta yi. Ku yi tunanin a ce makaranta ko asibiti na amfani da shi, duk mai irin wannan suna ya ɓace ba wanda ya sani.

Wannan rigima ta daɗe tsakanin masu gina harsunan kwamfuta. Umarni kamar ɗan aike ne, in bai samo abin da ka aike shi ba dole ya sanar da kai. Matsalar ita ce kowane da salonsa. A harshen C, malloc na dawo da NULL, open kuma -1. A JavaScript, indexOf na ba ka -1. A PHP, strpos na ba ka false in bai samu ba, amma in abin yana farkon rubutun sai ya ba ka 0, kuma in ba ka gwada da === ba, 0 da false duk ɗaya ne a wurinsa. PHP 8.0 na Nuwamba 2020 ya gyara wani ɓangare: umarnin da a da ke dawo da null da ɗan gargaɗi in ka ba su abin da bai dace ba, yanzu TypeError suke jefawa.

Masu cewa kada a taɓa tsohon tsari su ma suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Mai shago ko mai kafe da aka rubuta wa manhaja shekarun baya, wanda ya rubuta ta ya tafi, ranar da aka sabunta masa saba komai ya tsaya, wa zai kira? Python 3 ya fito a 2008, amma sai 1 ga Janairu 2020 aka daina kula da Python 2, saboda mutane sun ƙi tashi. Shi ya sa har yau ba a canza strpos ba, sai dai aka ƙara str_contains mai ba da true ko false kawai. Umarnin mysql_ na da kuwa, an yi gargaɗi tun 2013 kafin a cire su a 2015. Hakan ya yi daidai: a yi gargaɗi, a ba da lokaci, sannan a yanke.

Amma mu fa? Wane tsohon kwastoma muke karewa? Furojet ɗinmu ko wata shida bai yi ba. Mu koma tsohuwar siga don kuskure ya yi shiru, wannan rufe ido ne kawai, kuma ranar da aka ɗauke ka aiki ba za a ba ka tsohon XAMPP ba.

Ni dai na zauna dare biyu na mai da duk umarnin zuwa prepare da bind_param. Yanzu Mu'azu na shiga lafiya. Kafin ka je gaban sufabaiza, gwada naka da Sa'adatu, sannan ka buɗe rumbun ka gani da idonka ko ta shiga.

Allah Ya ba mu sa'ar difens baki ɗaya. Amin.