Me ya sa hoton dikoda ke daskarewa a Dandin Mahe?

Fiye da shekaru goma bayan cikar wa'adin da ƙasashen duniya suka tsayar na komawa tsarin talabijin na dijital, har yanzu masu kallo a garuruwa irin su Dandin Mahe, da ke ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, na fama da hoton da ke tsayawa cik a tsakiyar shiri, ko ya farfashe, ko kuma ya ɓace baki ɗaya.

Idan hakan ta faru, akasari dikoda ake ɗora wa laifi. Maigida zai kai ta wurin mai gyara a Bodinga ko cikin birnin Sakkwato, a gwada ta a ga tana aiki lafiya lau, amma da zarar an komo gida sai matsalar ta dawo. Wani ma har sabuwa yake saye, bukata ba ta biya ba.

Dalili kuwa shi ne, a mafi yawan lokuta akwatin ba shi da laifi. Wani ɓangare na matsalar yana kan rufin gida, wani kuma yana cikin shirin da gwamnatin tarayya ta fara tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda aka yi ta ɗage wa'adinsa.

Bambancin tsohon tsari da sabo

Waɗanda suka yi kallon NTA Sakkwato ko tashar Rima a tsohon tsari na analog za su tuna cewa idan sigina ya yi rauni, hoton kan cika da ɗigo-ɗigo kamar yayyafi, amma duk da haka ana iya gane fuskar mai karanta labarai, a kuma ji abin da yake faɗa.

Tsarin dijital ba haka yake ba. Ana mayar da hoto da sauti zuwa lambobi ne a aiko da su, dikoda kuma ta sake harhaɗa su. An ƙera ta yadda za ta iya cike gurbin ɗan abin da ya lalace a hanya, shi ya sa hoton kan fito tangaran ko da siginan bai cika ƙarfi ba. To amma wannan gyara yana da iyaka. Da zarar kurakuran sun wuce abin da za ta iya ɗauka, sai hoton ya rarrabu zuwa ƙananan murabba'ai, sauti ya riƙa yankewa, daga nan allon ya yi baƙi.

Tazarar da ke tsakanin hoto mai kyau da rashin hoto ƙarama ce ƙwarai. Gidan da ke can bakin iyakar inda sigina ke kaiwa zai iya yin kallo lafiya da safe, da yamma kuma iska kaɗan ta kaɗa eriya komai ya tsaya.

Batun nisa

Dikoda iri biyu ce a kasuwa: mai aiki da eriya, wadda ke karɓar sigina daga turken da aka kafa a ƙasa, da kuma mai aiki da farantin satalayit. Ba a iya haɗa ta eriya da faranti, ko ta faranti da eriya, sai fa nau'in da aka ƙera da ƙofofin biyu.

Kamfanin StarTimes na China, wanda ya shigo Najeriya a shekarar 2010 da haɗin gwiwar NTA, da kuma GOtv na kamfanin MultiChoice da ya fara aiki a Ibadan a 2011, su ne suka yaɗa dikodar eriya a ƙasar. Sai dai a manyan birane suka fi kafa turakunsu, inda masu biyan kuɗi suke da yawa.

Zangon UHF da ake watsa irin waɗannan shirye-shirye a kai yana tafiya ne kusan a miƙe, ba ya bin lanƙwasar doron ƙasa. A lissafin injiniyoyi, turken da tsayinsa ya kai mita 100 zai iya kaiwa ga eriyar da ke mita biyu daga ƙasa a tazarar kimanin kilomita 47, idan babu tudu ko itatuwa a tsakani. Idan aka ɗaga eriyar zuwa mita tara, tazarar na ƙaruwa zuwa kimanin kilomita 53.

Wannan ya nuna dalilin da ya sa ƙaramar eriyar cikin ɗaki da ke wadatar da mazaunin Mabera ko Runjin Sambo ba za ta yi wa mutumin Dandin Mahe amfani ba, tun da gwamman kilomitoci ne tsakaninsa da birnin. Dikoda ɗaya ce, abin da ke isowa gare ta ne ya bambanta.

Abin da za a fara dubawa

Kusan kowace dikoda tana da shafin da ke nuna ma'auni biyu: ƙarfin sigina da kuma ingancinsa. Na biyun shi ne mafi muhimmanci. Idan ƙarfi ya hau amma inganci na ƙasa ko yana hawa da sauka, to abin da ke shigowa gauraye yake da hayaniya. Idan kuwa duka biyun sun faɗi ƙasa warwas, yawanci waya ce ta tsinke ko mahaɗinta ya kwance.

Saboda haka wayar da ta sauko daga rufi ita ce abin dubawa na farko. A yankin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, rana na busar da robar wayar har ta tsattsage, damina kuma ruwa ya shiga ciki ya sa tsatsa. Waya mai araha, ko wadda aka yi wa haɗi biyu ko uku aka naɗe da leda, tana cinye sigina tun kafin ya iso akwati. Haka nan idan silin ƙarfen da ke kewaye da wayar ya taɓa tsinken tsakiya, siginan zai mutu.

Na biyu shi ne saitin eriya. Ana so ta fuskanci inda turken yake, a ɗaure ta tamau, a kuma ɗaga ta sama da rufin kwano da rassan dogon yaro. Wajen juya ta, a hankali ake yi, mutum ɗaya na sama, wani na kallon ma'aunin inganci, ana ɗan dakatawa bayan kowane motsi domin dikoda na ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ta nuna canji. Wajibi ne kuma a nisanta sandar daga wayoyin lantarki, kada a hau rufi lokacin hadari.

Mutane da dama na garzayawa sayen na'urar ƙara ƙarfin sigina da ake kira busta. Tana da amfani idan wayar doguwa ce kuma aka ɗaura ta kusa da eriya, amma ba ta ƙirƙiro siginan da babu shi. Tana ƙara wa hayaniya ƙarfi kamar yadda take ƙara wa sigina.

Ga masu faranti kuwa, labarin daban ne. Taurarin ɗan'adam da ke watsa talabijin suna can sama kimanin kilomita dubu 36, don haka gocewar farantin da ido ba zai ma gane ba ta isa ta ɗauke hoto. Guguwar farkon damina ta saba yin wannan ɓarna. Ruwan sama mai ƙarfi shi ma yana tare siginan zangon Ku, wanda ƙananan faranti ke amfani da shi. Wannan ba lalacewa ba ce, hoton zai dawo da kansa idan hadari ya wuce. Faranti mai ɗan faɗi yana rage yawan aukuwar hakan.

Sai kuma wutar lantarki. Hawa da saukar wuta, ko ta ƙaramin janareta, na sa dikoda ta riƙa mutuwa tana tashi, a ƙarshe ta ƙone sashen da ke ba ta wuta. Zafi ma na daskarar da ita, musamman idan an lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙurar hunturu, aka toshe ramukan da take shan iska.

Akwai kuma abin da ba na sigina ba ne sam. Idan ma'auni ya nuna inganci mai kyau amma tashar ta ce a kulle take, to kuɗin wata ne ya ƙare. Idan tasha guda ce ta ɓace sauran na nan, mai yiwuwa ta canza zango ne, sai a sake binciken tashoshi.

Wa'adin da aka yi ta saɓawa

To sai dai duk ƙwarewar mai gyara, ba zai iya jawo siginan da ba a watso ba. A nan ne batun ya koma kan hukumomi.

A shekarar 2006 ne ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a Geneva, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, cewa za su bar tsarin analog nan da 17 ga watan Yunin 2015. Hikimar ita ce, gurbin da ke ɗaukar tasha guda a tsohon tsari zai iya ɗaukar tashoshi fiye da goma a sabon, ragowar kuma a sayar wa kamfanonin wayar salula.

Najeriya ta ɗibar wa kanta wa'adin Yunin 2012, ta saɓa. Ta saɓa na 2015, ta kuma saɓa na Yunin 2017. Amurka kuwa ta kammala da manyan tashoshinta a 2009, Birtaniya a 2012, a Afirka ma Ruwanda ta rufe analog a 2014, Kenya a 2015.

A 2015 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa, NBC, ta ba kamfanin MTN lasisin amfani da wani ɓangare na zangon a kan naira biliyan 34 domin samun kuɗin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 2016 ministan watsa labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya ƙaddamar da gwajin farko a Jos da sunan FreeTV. Abuja ta biyo baya a Disambar wannan shekara, sai Ilori da Kaduna a ƙarshen 2017, Enugu da Osogbo a farkon 2018. Daga nan shirin ya yi tsit na tsawon shekaru uku, kafin a kai shi Legas a Afrilun 2021 da Kano a Nuwamba.

Wurare takwas ke nan a cikin shekaru biyar, kuma Sakkwato ba ta cikinsu. Wannan giɓi ne ya bar talakan karkara da zaɓi biyu: ya biya kamfani kuɗi duk wata, ko ya kafa faranti ya kama tashoshin kyauta.

Ƙasar China ta ɗan taɓa wannan fanni da shirin kai talabijin ɗin satalayit ƙauyukan Afirka dubu goma, wanda shugaba Xi Jinping ya sanar a Johannesburg a 2015, aka ware wa Najeriya ƙauyuka dubu ɗaya. Amma a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774, hakan bai kai ƙauye biyu a kowace ƙaramar hukuma ba.

Sauya akala zuwa sama

A shekarar 2024 gwamnatin shugaba Bola Tinubu ta amince da ba NBC naira biliyan goma domin farfaɗo da shirin. A 2025 kuma hukumar, ƙarƙashin Charles Ebuebu, ta bayyana cewa za ta fifita watsawa ta tauraron ɗan'adam na ƙasa, NigComSat-1R, maimakon jiran a kafa turke a kowace jiha.

Ga gari irin Dandin Mahe, wannan na da ma'ana. Tauraro bai san nisan gari daga babban birnin jiha ba, yadda yake haska Abuja haka yake haska Shagari.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Dikodar eriya zalla ba za ta kama tauraro ba, don haka sai an sayi faranti da sabon akwati, a kuma biya mai ɗaurawa. Ƙungiyar masu ƙera dikoda a cikin gida ta nuna adawa da sabon tsarin, tana ƙorafin cewa an yi watsi da jarin da 'ya'yanta suka zuba a tsohon. Shi kansa tauraron, a Disambar 2011 aka harba shi daga China, an kuma tsara shi ne ya yi aiki na shekaru 15. Sannan yana ta gabas ne da yankin Sakkwato, ɓangaren da hadari ya saba tasowa, don haka girman faranti da iya saiti za su yi tasiri da damina.

Abin da ke cikin lamarin ya wuce kallon ƙwallo. Ta talabijin ne jama'a ke bin tafsirin watan azumi, da sallar tarawihi daga Makka da Madina, da shirye-shiryen Hausa na tashoshi irin su Arewa24, da sanarwar rigakafi da ta zaɓe. Kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin wata ya zama nauyi ga iyalai da yawa. Kamfanin MultiChoice da kansa ya ce ya rasa masu biya kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a Najeriya cikin shekaru biyu zuwa watan Maris na 2025.

Ma'aunin nasarar shirin, saboda haka, ba zai kasance bikin ƙaddamarwa a Abuja ba. Tambayoyin su ne nawa akwati da faranti za su tsaya wa manomi, ko akwai ƙwararren mai ɗaurawa a kusa da shi, da kuma ko zai samu tashar jiharsa a cikin jerin.

Kafin a samu amsar waɗannan, abin da ya rage wa mai kallo a Dandin Mahe shi ne ya duba ma'aunin inganci, ya duba wayarsa, ya duba saitin eriya ko farantinsa, kafin ya kashe kuɗinsa a kan sabuwar dikoda.