Cocin Ƙonni: Magani Da Hatsi Sun Samu, Wa Zai Raka Wahaya Kotu?

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, idan ya baro Birnin Ƙonni ya wuce masana'antar siminti ta Malbaza, zai iske Galmi, garin da aka sani da abu biyu: albasa da likitar mishan. Tun 1950 ƙungiyar SIM ta buɗe wannan asibiti, kuma mafi yawan waɗanda ke kwanciya a gadajensa Musulmi ne, daga Ƙonni da Illela da Madawa, har da na ƙetaren iyaka daga ƙasar Sakkwato. Alhajin da ba zai yarda inuwar coci ta taɓa rigarsa ba, shi ne zai shimfiɗa tabarma a harabar asibitin yana jiran a fito da matarsa daga ɗakin fiɗa. Ba abin kunya ba ne. Ciwo ba ya tambayar alƙibla.

A cikin Birnin Ƙonni kuwa, Kirista ƴan tsiraru ne, kamar yadda suke a ƙasar baki ɗaya, inda ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya bisa ɗari ba. Akasarin masu zuwa sujada ranar Lahadi baƙi ne: malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aiki ya kawo, tela ko makaniki ɗan Benin ko Togo, mai sayar da kayan gyaran mota ɗan kudancin Najeriya. Ƴan Katolika suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun da aka kafa wannan yanki a 2001, suna kuma da hukumarsu ta agaji, CADEV. Abin da ƙaramar majami'a irin wannan ke iya yi bai wuce abin da ƴan uwanta ke yi ko'ina ba: a haɗa baiko a biya wa maras lafiya takardar magani, a sallami matafiyin da guzuri ya ƙare masa a tasha, a raba ɗan hatsi idan damina ta yi gardama.

Wannan aiki ba a raina shi ba. Wanda ya ga watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, ma'aikata na bin gwamnati bashin albashi wata da watanni, aka kuma soma cewa maras lafiya ya biya kafin a duba shi, ya san darajar ƙwayar magani ɗaya. Ko da aka shelanta kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen biyan likitoci kuɗin da suka kashe. Sai dai a faɗi gaskiya: irin wannan agaji ba ya hana kowace hukuma barci. Mai mulki na son mai rabon hatsi, don yana rage masa masu kuka a ƙofa. Wanda ba ya so shi ne mai tambayar dalilin kukan.

To, a wannan yanki akwai kukan da buhun hatsi ba ya share shi. Tsakanin Ƙonni da Illela da Madawa da Buza ne al'adar wahaya ta fi kafuwa: mai hali ya cika mata huɗu, sai ya sayi yarinya daga zuriyar da ake kira bayi, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ta yi daka da ɗiban ruwa da rana, ta zama ta maigida da dare. Labarin Hadijatu Mani ya zagaya duniya, amma a nan ya faru. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240. A 2005 maigidan ya ba ta takardar ƴanci, sa'an nan ya ce ba za ta fita ba, wai matarsa ce. Kotun al'ada ta Ƙonni ta ce babu aure tsakaninsu. Babbar kotun Ƙonni ta soke wannan hukunci. Da ta auri wanda take so, sai aka tuhume ta da aure kan aure, aka yanke mata wata 6, ta shiga gidan kaso. A dubi wannan da kyau: wadda aka saya ita ta kwana a kurkuku tun kafin a tambayi wanda ya saye ta. Sai ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta yanke cewa Nijar ta kasa kare ƴarta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Su wa suka tsaya mata? Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, shekarar Taron Ƙasa, da wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila, Anti-Slavery International da Interights. Ba coci ce ta kai ƙarar ba. Ba kuma masallaci ba ne, ga shi garin cike yake da masallatai.

Cocin tana da uzuri, kuma uzurin ba na wasa ba ne. Garin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone ta karkashe mutanensa a watan Mayun 1899 yana da dalilin yi wa duk abin da ya biyo sawun Nasara kallon tsanaki, ko da masu sujada a yau baƙar fata ne, talakawa kamar kowa. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga can Faransa, mutum 10 suka mutu a Damagaram da Yamai, aka cinna wa majami'u 45 wuta a babban birni kaɗai. A watan Yunin 2019 an sake ƙona wata a Maraɗi, bayan kama wani limami. Faston da ya ga wannan, idan wahaya ta gudo ta faɗo gidansa, ya san abin da za a ce kafin la'asar: ya saci matar mutane, zai fitar da ita daga addini. Wanda ke ganin tsoron nan ragwantaka ce, bai taɓa zama shi kaɗai a unguwa ba.

Amma lissafin ya sake. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ke nan ƙofar da Hadijatu ta bi ta rufu ga ta bayanta. Jam'iyyun siyasa, waɗanda ko a da ba su cika ɗaga wannan magana ba don gudun ɓata wa masu ƙuri'a da masu kuɗi rai, an rushe su a watan Maris na 2025. Abin da ya saura shi ne kotun Ƙonni da dokar 2003 da ta mayar da bauta babban laifi, sai kuma hukuncin kotun ƙoli na 2019 da ya ce wahaya ba aure ba ce. Doka ba ta tashi da ƙafarta ta je ƙauye. Sai an sami mai karanta sammaci da Faransanci, mai rubuta ƙara, mai biyan kuɗin mota, mai ba da ɗakin kwana ranar da alƙali ya ɗage zama zuwa wata mai zuwa. Abin mamaki, waɗannan su ne ƴan abubuwan da ƙaramar coci ke da su: jama'arta kaɗan ne, amma da yawansu sun yi boko, sun san ƙofofin ofis.

Kada ta yi shi ita kaɗai, kada kuma ta haɗa shi da wa'azi. Ranar da aka ɗora wa mai neman haƙƙi sharaɗin shiga sujada, an mayar da ita haja karo na biyu, an kuma ba masu neman fitina ashana. Hanyar da za ta ɓulle ita ce a miƙa ƙara ga Timidria da lauyoyi, a nemi limamin da zai ba da masauki a gidansa, coci ta ɗauki takardu da kuɗin mota. Zaman tuntuɓa tsakanin addinai da aka yi ta shiryawa bayan 2015, ana ɗaukar hoto ana raba kuɗin zama, ga aikin da zai nuna ko yana da amfani.

Nauyin da ya fi girma kuwa ba a kan ƴan tsiraru yake ba. Malaman Ƙonni sun fi kowa sanin cewa ba a sayar da ɗiya Musulma, kuma mata huɗu ne iyaka. Mumbarin Juma'a nasu ne. Ƴan kasuwa sun san gidajen da ake ajiye ta biyar, a nan da can Illelar Najeriya, don tare ake cin kasuwa. Ma'aikacin da ke rubuta takardar haihuwa ya san yaron da uwarsa ba ta da takardar aure, ya san dalili. A watan Mayun 2014 kotun manyan laifuffuka da ta zauna a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani dattijo mai shekara 63 saboda ajiye wahaya, karo na farko a tarihin ƙasar. Doka ta tanadi shekara 10 zuwa 30. An ba shi 4.