KYAMARAR 4K BA TA KOYAR DA LISSAFI, KU DAINA TATSAR YARANMU

Jama'a, yau dai sai na yi maganar nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Ƙanwata tana karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, tana zaune Kalgo wurin gwaggonmu. Allah Ya ba ta kan lissafi. Tun tana sakandare a Gwandu 'yan matan unguwa ke cika tsakar gidanmu tana warware musu tambayoyin WAEC da JAMB da Hausa tsantsa, har wadda ta tsani darasin ta fara ɗaga hannu a aji. Bara ta ce tana son ta riƙa yin haka a YouTube don wasu su amfana. Baba ya saurare ta har ta gama, ya ce: "Ki koyas da karatu, ban hana miki ba. Amma huskarki ba ta shiga wayag ga duniya na kallo." Ni ban ga laifin Baba ba. Duk mai ƙanwa ya san abin da ake yi da hoton mace in ya faɗa hannun 'yan iska.

Ita da kanta ta nemo mafita. Akwai masu shiga kai-tsaye a intanet da fuskar zane maimakon tasu, ana kiransu VTuber. Kana zaune gaban kwamfuta, ƙaramar kyamara tana kallonka, wata manhaja tana karanta motsin idonka da girarka da bakinka, sai zanen da ke kan allo ya riƙa yin abin da kake yi. Ka ƙifta ido ya ƙifta, ka karkata kai ya karkata. Masu kallo zanen kawai suke gani, muryarka suke ji. Abin ya yi suna ne daga Japan, lokacin da wata mai suna Kizuna AI ta fara a ƙarshen 2016, yanzu kuwa har kamfanin da ke da Hololive yana kasuwar hannun jari ta Tokyo. Wato ba wasan yara ba ne, sana'a ce. Baba ya kalli gwaji a waya, ya yi dariya, ya ce in dai wanga ɗan katun ne za a gani, ta je ta yi.

To ga inda raina ya ɓaci. Yarinyar nan ta kwashe kuɗin ƙunshin da take yi wa ɗalibai, na wata da watanni, ta shiga wani shago a Birnin Kebbi ta ce tana son kyamarar kwamfuta. Ta faɗi abin da za ta yi da ita ɓaro-ɓaro. Mai shago ya ce ai irin wannan aiki sai 4K, ƙasa da haka ɓata kuɗi ne. Wani da ke tsaye a wurin, irin masanan nan da ba a tambaye su ba, ya ƙara da cewa shi ma abin da ya gani ke nan wurin Turawa a YouTube. Ta biya kuɗin da zai sayi buhun shinkafa. Ta je Kalgo ta haɗa da dare, zanen ya ƙi bin ta. Baki ya buɗe bayan ta gama magana, ido ɗaya a rufe kamar mai ciwon shanyewar ɓarin jiki, laftof ɗin ya ɗau zafi yana huci kamar injin niƙa. Ta kira ni tana kuka: "Yaya, ko dai ni ce ban iya ba?"

Ba ke ce ba ki iya ba. Cinikin biri a sama aka yi da ke.

Bari in yi bayani, don na san akwai irinta da yawa a Aliero da Jega da Argungu da ke shirin faɗawa wannan rami. A wannan harka BABU WANDA ZAI GA HOTON DA KYAMARARKA TA ƊAUKA. Ka sake karanta wannan jimla. Hoton ba ya fita ko'ina, manhaja ce kaɗai ke cinsa. Ita kuwa manhajar, abin da take fara yi shi ne ta yanko fuskar ta rage ta ta koma ɗan ƙaramin hoto, sannan ta nemi inda ido da hanci da leɓe suke. 4K na nufin ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan takwas. 720p kuwa 1280 ne da 720, bai kai miliyan ɗaya ba. Ninki tara ke tsakaninsu. Ka biya kuɗin ninki tara, manhaja ta zubar da mafi yawansa, kuma kafin ta zubar sai ƙwaƙwalwar kwamfutarka ta sha wahalar sarrafa shi. A sabon inji mai ƙarfi ba za ka ji ba. A laftof ɗan gwanjo irin wanda ɗalibanmu ke riƙewa, cikin zafin Afrilu na Kebbi da ke wuce digiri 40, injin da kansa zai rage gudu don kada ya ƙone. Shi ke nan zane ya fara rawar sanyi.

Abin da manhajar ke so biyu ne: hoto ya riƙa zuwa da sauri ba yankewa, kamar 30 a kowane sakan, kuma fuska ta fito fes. Dukkansu biyun HASKE ke kawo su. Kyamara in ta ga ɗaki da duhu, sai ta tsawaita lokacin da take buɗe ido don kowane hoto, 30 ɗin nan ta iya komawa 15, motsi ya zama dishi-dishi. Ƙanwata tana zaune ne da ƙwan fitila ɗaya a bayan kanta. Da rana kuma taga ce a bayanta. Wato kyamara inuwa kawai take gani sanye da hijabi. Ko ta miliyan ka saya, inuwar dai za ta gani.

Akwai kuma wani abu da Turawan da kuke kwafa ba za su faɗa muku ba, don ba matsalarsu ba ce. Mu baƙaƙe ne. Fatarmu ba ta mayar da haske kamar tasu, kuma da yawan manhajojin gane fuska da hotunansu aka fi horar da su. Joy Buolamwini, mai tushe a Ghana, tana ɗaliba a MIT sai da ta sa farin abin rufe fuska kafin wata manhaja ta yarda akwai mutum a gabanta. A 2018 ita da Timnit Gebru suka gwada manhajojin manyan kamfanoni uku wajen gane namiji ne ko mace: kuskure a kan fararen maza bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, a kan baƙaƙen mata ya kai har 34.7. Na san wancan aiki daban ne da bin motsin fuska, kuma an samu gyara tun lokacin. Amma darasin na nan: shawarar Bature mai ɗaki cike da fitilu ba za ta zauna daidai a ɗakin ɗaliba a Kalgo ba sai an yi mata kwaskwarima.

Me na yi da na je? Na juya teburinta ya fuskanci taga. Na ɗauko fitila mai caji, irin wadda kowane gida ke da ita saboda ɗauke wuta, na ɗora ta bayan laftof daidai tsayin goshi, na yafa mata farin kyalle marar kauri don kada hasken ya yi tsini. Na ce ta ɗan ja hijabin baya kaɗan girarta ta fito, ta cire tabarau saboda ƙyalli. Na cire sabuwar kyamarar gaba ɗaya, na kunna 'yar wadda ta zo liƙe a saman allon laftof ɗin. Wallahi zanen ya bi ta tiryan-tiryan. Ta yi murmushi ya yi. Gwaggo da ke leƙe ta bakin ƙofa ta ce "A'uzubillahi, shina kwaikwayonta!"

Don haka ga shawarata, kyauta. Kada ka sayi komai tukuna. Sauke VSeeFace, kyauta ce, ka ƙera zanenka da VRoid Studio, ita ma kyauta. In zane mai faɗi kake so akwai VTube Studio. Gwada da kyamarar laftof. In ba ta yi ba, wayarka ta Android ta fi yawancin kyamarorin shago ido, haɗa ta da kwamfuta ta DroidCam ko Iriun. In kuwa a gidanku akwai tsohuwar iPhone mai Face ID, daga iPhone X ta 2017 zuwa sama, to ka gama, don ita tana auna zurfin fuska ne da hasken da ido ba ya gani, duhu bai cika damunta ba. Sai duk wannan ya gaza sannan ka nemi kyamara, kuma irin Logitech C270 mai 720p ta isa, C920 ma har ta yi yawa. Ka kuma lura, ba duk kwalin da aka rubuta wa 4K ne 4K ba. Ka sa a haɗa maka a shago ka gani da idonka.

Canjin da ya rage ka sa shi inda zai yi amfani. Na farko makirfo, don mutum zai jure zane mai ɗan tangarɗa amma ba zai jure murya mai kuwwa da kukan awaki ba. Na biyu data. In kana watsa 720p a kan megabit 3 a sakan, awa ɗaya na cin kusan gigabait 1.35, kuma kun san tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Sannan kai-tsaye ƙarfin TURAWA yake so, ba na saukewa ba, kuma a nan sabis ɗinmu ya fi rauni. Shi ya sa na ce mata ta manta da kai-tsaye yanzu, ta naɗa darasi na minti goma, ta ɗora lokacin da layi ya yi sauƙi.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan mata musamman, kuma da gaske nake: a cikin OBS, manhajar da ke haɗa abin da za a watsa, kada ki taɓa saka kyamarar a jerin abin da ke fita. Tagar zanen kaɗai za ki saka. Latsa kuskure ɗaya ya isa fuskarki ta bayyana, kuma akwai masu jiran ranar. Ki kuma sani zane fuska yake ɓoyewa, ba murya ba. Wanda ya san ki zai gane ki.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, masu cewa duk mai ɓoye fuska yana da abin ɓoyewa. Malam, tun 1957 ake sauraron BBC Hausa. Iyayenmu sun shekara arba'in suna yarda da muryoyin da ba su taɓa ganin masu su ba, ba wanda ya kira su munafukai. Kuma abin dariya, rabin masu faɗin haka hoton zaki ne ko na mota a shafinsu. Eh, na yarda, za a samu mai fakewa da zane ya yi zagi ko damfara. Amma mai zagi bai jira zane ba, da asusun bogi yake yi tun tuni. Kullum muna kuka TikTok ya lalace, muna tura wa juna bidiyon rikicin Hisbah da 'yan TikTok a Kano muna Allah wadai. To ga yarinya ta zo da hanyar da za ta koyar ba tare da ta nuna ko farce ba, ita ma a tare ta? So kuke fagen ya zama na masu rawa kaɗai?

Mu 'yan Gwandu ne fa. Kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na garinmu. 'Yar wansa Nana Asma'u ba ta zauna tana jiran mata su iya zuwa makaranta ba, jajis ta naɗa ta tura su ƙauyuka da karatu, abin da muka sani da 'Yan Taru. Dabarar isar da ilimi ga macen da ke cikin gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Wanda na fi ɗauka da muhimmanci shi ne mai tambayar hukuncin zanen abu mai rai. Wannan tambaya ce ta gaskiya, malamai sun yi magana a kai kuma akwai saɓani, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari. Yana iya koyarwa da murya da farin allo, ko ya sa hoton buta ko alƙalami ya riƙa motsi in yana magana, akwai manhajojin da sauti kawai suke bi. Shi ma ɗin, ka ga, ba ya buƙatar 4K. Ba ya buƙatar kyamara ma sam. Haka mai cewa zanukan Japan ɗin nan shigarsu ba ta dace da mu ba, gaskiyarsa. Nata mun yi fama kafin muka samu ya rufu yadda Baba zai yarda. Ina masu zanenmu da ke ƙawata bayan manyan motoci da allunan shaguna? Ga kasuwa nan, ku koyi Live2D ku zana mana mai hijabi da mai babbar riga da hula.

Kyamarar dai mun mayar, mai shago ya ce an buɗe kwali ba ya karɓa. Tana nan cikin akwatin gwaggo. Darasi na huɗu kan quadratic equation ya hau shekaranjiya, da kyamarar laftof da fitilar caji aka yi shi. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu ina Kalgo, duk ɗalibin da nasa zanen ke gardama ya yi min magana ta inbos, ya zo da laftof ɗinsa da cajarsa, kada ya saya komai kafin nan.