Amon Tsofaffin Taurari



Idan sanyi ya shigo kuma ƙurar hunturu ta lafa, mutumin unguwar Giginyu da ya fito tsakar gida bayan sallar isha'i zai hangi Kaza da 'Ya'yanta a sama ta gabas, musamman daren da aka ɗauke wuta. Malaman hisabi suna kiranta Surayya. Ƙasa da ita kaɗan akwai wani tauraro mai ja-ja, Dabaran. A kan waɗannan abubuwa biyu sharhinmu na yau zai tsaya: gungun taurari, da jan tauraron da ya tsufa.

Tauraro irin ranarmu yana ƙona iskar haidurojin a cikinsa. In ta ƙare a tsakiya sai ya kumbura ya ninka girmansa sau goma ko fiye, bayansa ya huce, launinsa ya koma ja. Ita ma rana nan ta nufa, bayan shekara kusan biliyan 5. To, irin wannan ƙaton tauraro ba ya zama shiru. Iskar da ke tafarfasa a jikinsa tana sa shi kaɗawa, ya ɗan buɗe ya ɗan tsuke. Mai sayen tulu yakan ƙwanƙwasa shi, daga amon ya gane girmansa da kaurinsa da ko ya tsage. Haka masana suke yi wa tauraro, sai dai sauti ba ya ratsa sararin samaniya, don haka haskensa suke aunawa yana ƙaruwa yana raguwa. Kaɗawar rana minti 5 ce, ta jan ƙato kuwa awanni ce, wani har kwanaki. Daga nan ake lissafo nauyinsa da faɗinsa da shekarunsa.

Amma wa zai tabbatar lissafin daidai ne? Nan gungu ya yi rana. Taurarin gungu ɗaya tare aka halicce su, daga gajimaren iska ɗaya, nisansu da mu kusan ɗaya. In ka auna ashirin daga cikinsu suka ba ka shekaru mabambanta, ka san awonka ne ke da gyara. Kaza da 'Ya'yanta ba ta isa wannan aiki ba, yarinya ce, shekarunta wajen miliyan 100. Shi ya sa aka koma ga tsofaffi.

A 2009 hukumar NASA ta Amurka ta harba madubin hangen nesa mai suna Kepler. Shekara 4 ya yi yana kallon yanki ɗaya, yana auna hasken taurari kusan 150,000 duk rabin awa. Cikin yankin akwai gungun NGC 6819 mai shekara kusan biliyan 2 da rabi, da NGC 6791 mai kusan biliyan 8. A 2011 aka nuna cewa amon kaɗai yana bambanta jan tauraron da ya fara ƙona hiliyom a tsakiyarsa da wanda bai fara ba, alhali a ido kamarsu ɗaya. A 2012 Andrea Miglio da abokan aikinsa suka gwada nauyin waɗannan rukuni biyu a NGC 6791, suka ga tauraro yakan zubar da abin da ya kai kusan kashi 9 cikin 100 na nauyin rana a tsakanin matakan. Wannan awo ya burge ni matuƙa, domin an yi shi ne a kan abin da yake nisan dubban shekarun tafiyar haske.

Abin da ya sa na kawo zancen gidan rediyo shi ne, duk bayanan Kepler suna ajiye a rumbun MAST a intanet, kyauta, manhajar Lightkurve da ake tace su da ita ma kyauta ce. Ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ko ta Wudil ba ya buƙatar madubin biliyoyin naira. Kwamfutar hannu yake buƙata, da data, da wuta, da malamin da zai zauna da shi. Ina roƙon shugabannin waɗannan sassa su ware ko da ɗalibi biyu cikin 'yan ajin ƙarshe na bana, a ba su gungun M67, wanda shekarunsa suka yi kusa da na ranarmu, su auna jajayen taurarinsa a matsayin aikin kammala digiri.