Tashar Sadat Ta Ƙaryata Masu Cewa Ba Za Mu Iya Ba

Jama'a, har gobe akwai masu yi mana huɗubar cewa wai jirgin ƙasa na cikin gari almubazzaranci ne, ba na ƙasashen Afirka ba ne. To, gani ya kori ji. Su je Alƙahira, babban birnin Masar, su sauka ƙarƙashin Dandalin Tahrir, daura da tsohon gidan ajiye kayan tarihin Fir'aunoni. Nan tashar Sadat take, inda layi na 1 da na 2 suka haɗu.

An fara aikin layi na 1 a 1982, aka buɗe shi a 1987, shi ne na farko irinsa a Afirka. Masarawa sun yi dabara: rami suka haƙa a tsakiyar birnin, bai kai kilomita 5 ba, ya haɗa layukan dogo biyu da ke akwai tun da, na Helwan a kudu da na Marg a arewa. Layi na 2 kuwa ta ƙarƙashin Kogin Nilu ya bi ya nufi Giza. Har taragu aka keɓe wa mata don kare mutuncinsu. Da aka rufe tashar daga 2013 zuwa 2015 saboda tsaro, sai da mutanen birnin suka ji a jikinsu.

Mu fa? A 1983 Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin garin Ikko, kuma kamfanonin Faransa aka bai wa, kamar yadda aka yi a Alƙahira. A 1985 gwamnatin soja ta soke aikin, aka biya diyya mai tsoka, ba a sami ko tarago ɗaya ba. Sai 2023 jirgi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2.

Wa ya biya kuɗin wannan jinkiri? Ba masu manyan motoci ba ne. Ɗan dako na Mile 12 ne, da mai gadi na Obalende, da mai goro na Agege, waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu cikin danfo da cunkoso.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna Kurmi, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku ku tambaye shi: aikin da ka tarar, za ka ƙarasa shi ko za ka binne shi? In kunne ya ji, jiki ya tsira.