ƘAFA AKA YANKE MATA, BA KUNNE BA

'Yan uwana mata, yau da ku nake, maza su ɗan dakata tukuna. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, can wajen Ƙofar Marusa, da ciwon suga ya ci wa ƙafa. Ɗan gyambo ne fa a yatsa, aka yi ta shafe-shafe a gida har ya ruɓe, ƙarshe dai likita ya yanke daga ƙasan gwiwa. Ciwo ya warke sarai, amma barci ya ƙaurace mata, ko sallama ta ji a zaure sai gabanta ya faɗi ta jawo zane ta rufe dungulmin.

Wa ya ja mata? Wallahi mu ne, 'yan dubiya. Mu cika ɗaki muna tafa hannu, wannan ta ce "Wayyo, ke kuma taki ta ƙare," waccan ta karkace baki ta ce "Ai dole Malam ya ƙaro wata," wai ita raɗa take yi. Haba jama'a! Matar da ke kwana tana lissafin ranar da za a miƙo mata takarda, ita za a yi wa wannan?

Wanda ya fi ci min rai, ranar da ta ce tana jin ƙaiƙayi a babban yatsan da babu shi, nan take aka ce iska ce, aka hau turare da hayaƙi. Alhali likitoci sun daɗe da sanin abin nan: ƙwaƙwalwa ba ta saurin mance gaɓar da aka cire, jijiyoyin wurin kuma ba su daina aika saƙo ba. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin haka, akwai magani, har da madubi ake sa su motsa jiki a gabansa. Ita kam tuni ta ja bakinta ta yi shiru, kar a ce ta taɓu.

A 2019 marigayi Shugaba Buhari, ɗan jiharmu, ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, sai dai ɗan sanda ba zai shigo tsakar gida ya kama mai habaici ba. Asibitin ƙashi na Dala da ke Kano kuwa ana auna mutum a yi masa ƙafar roba, ya taka ya je unguwa abinsa. Duk cikarmu a ɗakin nan, har da ni mai wannan surutu, babu wadda ta tambayi nawa ne kuɗin motar Kano.